Makokin da Na Tarar a Katsina

Tun da na dawo daga Katsina ban huta da tambaya ba. In na je gidan kitso, kafin a tsaga mini kai an ce, "Barira, yaya Najeriya?" In na kai wa wata turare, sai ta riƙe bakin mayafina tana raɗa, "To, yaya mutumin naki?" Har mai awarar ƙofar lakwal, makarantar bokon unguwarmu, wadda ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba, ta ƙara mini gyara don in tsaya in ba ta labari. Bakina ya gaji. Ga shi na rubuta gaba ɗaya, wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata.

Ga waɗanda ba su san ni ba: ni bazawara ce a nan Dakoro, sana'ata turaren wuta da humra, kuma akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona cike yake da littattafan soyayya. Mijina na fari har muka rabu bai taɓa ce mini na yi kyau ba, iyakarsa ya ce miya ba gishiri. Shi ya sa na yi wa kaina alkawari, in zan sake aure sai da namiji mai zuciya irin na cikin littafi, wanda zai ƙi cin abinci saboda mace, ya zubar da hawaye bai ji kunya ba.

Na ɗauka na same shi. A wani biki a Maraɗi, lokacin ana yankan hatsi, na haɗu da Alhaji Sagiru, mai shagon atamfa a Katsina. Ya sayi humra a hannuna, ya karɓi lambar salulata, daga nan sai saƙonnin murya. Wani lokaci, yawanci Asabar ko Lahadi da magariba, sai in ji shi muryarsa har ta dishe: "Barira, yau duniya ta yi mini daɗi! Wallahi zuciyata kamar ta fashe. Ke ce tauraruwata, tun da na san ki komai ke tafiya daidai!" Wani lokaci kuma ya yi shiru kwana da kwanaki, in na kira ya ce, "Ki bar ni, ba na cikin hayyacina, ko abinci ban iya ci ba." Ni kuwa na san wannan ciwon, na karanta shi a littattafai ba adadi. Nakan rungume salula in ce, Allah sarki, nisa ne ke cinsa.

Babana ba ya karanta littafi. Da zafin bazara ya kankama ya kira ni zaure ya ce, "Mutumin da tun kaka yake magana ta waya, ƙafarsa ba ta taɓa taka Dakoro ba? In na ce shi zo Asabar, yana da uzuri; Lahadi, yana da uzuri. To ki ji: in ruwan shuka ya sauka ban ga manyansa a zauren nan ba, magana ta mutu, kar in ƙara jin sunansa." Gajimare kuwa ya fara leƙowa ta gabas. Sai Allah ya sa Gwaggo Tsahara, ƙanwar Baba, za ta je sunan jikarta a Katsina. Na roƙi in raka ta. Niyyata in bayyana a gaban Sagiru ba zato, yadda ake yi a littafi, in dawo wa Baba da ranar zuwan manya.

Mun tashi ranar Juma'a da safe a wata mota da ta girme ni. An ɗaure raguna a sama, buhunan wake a ƙarƙashin ƙafafunmu, ni ina rungume da jakar tsaraba. Kafin mu kai Kornaka zafi ya tsinke murfin babbar kwalbar humrar da na haɗa wa Sagiru da hannuna, ta tsiyaye a zanena da ƙafar wani dillalin dabbobi mutumin Badar Gula. Motar duka ta ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya. Dillalin ya shinshina wandonsa ya ce, "Malama, yanzu mi zan ce ma uwargida in na koma?" Gwaggo ta ce, "Ka ce mata karon farko ke nan da ka shigo gida ba da warin bunsuru ba."

A motar nan na fara jin maganar da za ta bi ni har ƙarshen tafiya. Dillalin da wani malamin lakwal suka kaure da gardama a kan ƙwallon ƙasar Ingila. Ashe can akwai wata gasa da ake farawa in damina ta yi nisa, a yi ta bugawa kowane mako har bazara, wanda ya fi tara maki ya ɗauki kofi. Ranar Lahadi mai zuwa za a rufe ta bana, kuma ƙungiyoyi biyu ne ke kai da kai, masu jar riga da masu shuɗiya. Sunayensu ba su zauna a bakina ba, ban kuma yi ƙoƙarin su zauna ba. Malamin na cewa, "Mu muka ja gaba tun kaka!" dillalin na cewa, "Mu za mu ɗauka!" Mu. Mutumin da rabonsa da gudu tun da rago ya kuɓuce masa a kasuwa. Gwaggo ta gaji ta ce, "Ku dakata. Garin nan da kuke faɗa a kansa, gabas yake da Kornaka ko yamma?" Malamin ya nuna arewa. Dillalin ya yi tunani, ya nuna rufin mota, inda ragunansa suke. Na yi dariya har da hawaye, ina gode wa Allah a zuciyata da ya ba ni namiji wanda hankalinsa ke kan abin da ya dace.

Mun kwana a Maraɗi gidan wata ƙawar Gwaggo, muka ci tuwon hatsi da miyar kuɓewa, na wanke zanena bai bar ƙamshi ba. Da safe muka kama hanyar Ɗan Isa, daga nan babur ɗin kabu-kabu zuwa iyaka. A ɓangarenmu an duba katinmu an ce mu wuce. A wancan ɓangaren wani mai kaki ya buɗe jakar Gwaggo ya zaro cuku, ya juya shi gaba da baya ya ce, "Mama, wannan abinci ne ko tafin takalmi?" Gwaggo ta ce, "Gatsa ka ji, ɗana." Ya gatsa, ya dafe muƙamuƙi, ya mayar mata da abinta. Sannan ya dubi mai babur ɗinmu, bai tambaye shi takarda ba, sai ya ce, "Kai, gobe kana ina?" Mai babur ya ce, "Shuɗi, ranka ya daɗe." Suka tafa kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Da haka muka shiga Najeriya.

Katsina gari ne babba, ba zan hana ta haƙƙinta ba, amma akwai abin mamaki. Burodinsu laushi kamar katifa, in ka danna shi ba ya dawowa. Shayi kuwa, mu da muka san a ɗora buta a gawayi a zauna, a sha na fari mai ɗaci, a jira na biyu da na uku ana hira, su sai a cika maka ƙaton kofi da madara ka kwankwaɗe a tsaye kamar magani. Kowa "Anti" yake ce mini, har wani mai furfura a gemu. Na ce salulata ba caji, ko akwai kuran, wato wutar lantarki, sai yaran gidan da muka sauka suka fashe da dariya, su da ke cewa "sori" in sun taka ka. Mun sauka gidan Hajiya Kulu, surukar Gwaggo, aka ba mu ɗaki ɗaya da wasu baƙi mata, da fanka mai ƙara amma ba iska. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tutoci. Kowane keke mai ƙafa uku da tutarsa, ja ko shuɗiya. Shagon aski, teburin mai shayi, har baron mai ruwa. A nan Dakoro ma samari na kallon ƙwallo a fada, majalisarsu ta shan shayi, na sani, amma suna kallo ne su tashi. Can kuwa kamar ƙasar ce za a raba gobe.

Lahadi aka yi suna. Da hantsi komai lafiya, an raɗa suna, an yanka raguna, mata sun cika gida. Amma ana sallame la'asar sai na duba ƙofar gida, ba namiji ko ɗaya. Uban jaririya ya ɓace. Kakanta ya ɓace. Mahaucin da aka kira ya bar naman a kan wuta ya tafi, Gwaggo ce ta ɗaura zane ta tsaya juya shi tana tsine wa Ingila. Titi ya yi tsit kamar an sa dokar hana fita, sai ƙarar injin wuta daga gidajen kallo. Can wajen faɗuwar rana sai gari ya ɗauki ihu gaba ɗaya, babura suka fito suna hon, shuɗin ƙyalle ko'ina. Na ce a raina, to, mahaukata sun gama. Na kira Sagiru don in ce masa ina garinku, salularsa a kashe.

Litinin da safe na yi kwalliyar da na daɗe ina tsarawa: leshi ruwan zuma, 'yan kunnen zinariyar da na gada wajen Inna, jan baki, kwalli. Gwaggo ta raka ni, don ba zan je unguwar namiji ni kaɗai ba. Mai keke ya san gidan, ya sauke mu a bakin lungu yana wani murmushi da ban gane ba.

Muna shan kwana sai na tsaya cak. Rumfa a ƙofar gida, tabarmi shimfiɗe, maza zaune jere da jere kawuna a ƙasa. Wasu na zuwa, su cire takalmi, su durƙusa, su ce, "Ya haƙuri? Allah ya ba da dangana." A tsakiya ga Sagiru, ya haɗa kai da gwiwa. Na tari wani dattijo a gefe na ce, "Baba, lafiya?" Ya girgiza kai, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ta'aziyya muka zo yi wa Alhaji Sagiru, 'yata. Jiya da yamma abin ya faru. An daɗe ana jinya."

Na san mahaifiyarsa na fama da hawan jini, ya sha gaya mini. Na lura masu ta'aziyyar kusan duk shuɗin kaya suka sa, na lura kafaɗunsu na rawa, na ga ana raba alewa maimakon gumba, amma na ce kowace ƙasa da al'adarta, ƙila kuka ne ke girgiza su. Na koma jikin bango na cire 'yan kunne, na goge jan baki da bakin mayafi. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin tausayin da nake ji har da wani tunani: a littafi, irin wannan rana ce mace ke shiga zuciyar namiji ba ta ƙara fita ba.

Muka shiga cikin gida da salati. Hawaye na gaske nake yi, don na tuna ranar da aka fita da Innata. A tsakar gida muka tarar da wata tsohuwa ita kaɗai, zaune a inuwar darbejiya tana tsintar wake a faifai. Na zube a gabanta na ce, "Hajiya, ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan mahaifiyar Sagiru, ya sa ta huta, ya sa aljanna ce makomarta." Gwaggo na bayana tana amin.

Tsohuwar ta ajiye faifai, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni ce mahaifiyar Sagiru."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Gwaggo ta ce, "To, baiwar Allah, wa ya rasu?"

"Ƙwallo," in ji tsohuwa. "Nasa sun faɗi jiya. Haka suke yi a unguwar nan duk shekara, marasa tsoron Allah. Wanda aka kayar, sai abokan hamayya su yi hayar rumfa su kafa masa a ƙofa, su zo gaisuwa. Bara shi ya kafa wa mai chemis ɗin can baya, mai sayar da magani, har da dafa shinkafa. Bana ga shi an kafa masa." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. "Ke ce ta Nijar ɗin? Zauna, 'yata. Kin yi mini addu'a mai kyau, Allah ya sa ranar da na tafi da gaske ba ranar wasa ba ce, don ban san wanda zai ɗauki makarata ba."

Gwaggo ta zauna daɓas a kan turmi tana dariya har tana tari. Ni kuwa ban yi dariya ba. Tsohuwar ta aika aka kira shi soro.

Ya shigo yana jan ƙafa. Ga shi nan, namijin da na yi shekaru ina roƙon Allah: idanu sun kumbura sun yi ja, leɓe ya bushe, rigar jiya ce a jikinsa, ja, mai lamba a baya. Ya gan ni bai ko yi mamaki ba. Ya ce, "Barira. Kin ji abin da ya same mu ko? Tun kaka muke sama, Barira. Tun kaka. Sai da aka zo ƙarshe."

Na ce, "Alhaji, daga Dakoro na zo."

"Sannu. Wallahi alƙalin wasan nan, in akwai hisabi..."

"Alhaji, Baba ya ce in ruwan shuka ya sauka bai ga manyanka ba, magana ta mutu. Hadari ya fara haɗuwa. Rana na zo ka ba ni."

Ya goge ido da bakin rigar ya ce, "Ai ba matsala, yanzu an tafi hutu, ina da lokaci. A yi komai a gama kafin a dawo sabon sizin na ƙwallo. Amma don Allah ki gaya wa Baba, in abin ya ja har aka dawo, kar a sa ɗaurin aure Asabar ko Lahadi da yamma."

Sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce, "Tsaya. Ranar nan da sanyi, da ka kira ni kana cewa zuciyarka kamar ta fashe, har muryarka ta dishe?"

Fuskarsa ta ɗan yi haske, karon farko tun shigowarsa. "Kai, ranar! Ai ana dab da tashi muka zura musu. Ba zan manta ba."

"Da makonnin da ka daina cin abinci, ka ce in bar ka?"

"Lokacin ne mai tsaron gidanmu ya ji rauni, aka yi ta cin mu a jere."

"Da ka ce ni ce tauraruwarka?"

"Ai gaskiya ne! Tun da na karɓi lambarki muka hau saman teburin gasa. Har abokaina na gaya wa, yarinyar nan ƙafarta da sa'a." Ya dube ni da wani irin kallo. "Yaushe kika ce kun shigo garin nan?"

"Asabar."

"Asabar," ya maimaita a hankali. "Wato jiya kina cikin gari aka buga." Na ga lissafin da yake yi a idonsa.

Na miƙe. Ragowar humrar da ta tsira a gindin kwalba na koma ciki na ba tsohuwa, na roƙe ta gafara. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kika san abin da ya fi miki, 'yata. Matarsa ta fari ma tana naƙuda yana gidan kallo." Da muka fito ta gaban rumfa, dattijon nan da ya ce mini an daɗe ana jinya ya ɗaga murya, "Anti, an yi gaisuwa?" Gwaggo ta tsaya ta ce, "An yi. Allah shi maimaita muku baɗi, ku duka, da ja da shuɗi." Ba wanda ya ce amin.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Gwaggo ta yi mini kara ba ta tsokane ni ba sai da muka wuce Kornaka, inda ta ce, "Ke dai kin roƙi mai kuka, Allah kuwa ya ba ki. Ba ki faɗi a kan mi zai yi kukan ba." Na yi kuka a nan, kaɗan, na jingina da buhun masara. Watanni na yi ina kwana da muryar mutum a kunne, ashe sakamakon wasa nake saurare.

Na samu Baba a zaure yana gyara ƙotar kalme. Ya ce, "Yaushe manyan za su zo?" Na ce, "Ba za su zo ba, Baba. Ni na ce kar su zo." Ya dube ni ya ce, "An yi miki wani abu?" Na ce, "A'a. Rasuwa aka yi musu." Ya fara "Inna lillahi", Gwaggo ta ce, "Yaya, ajiye salatinka, zan ba ka labari." A makon nan ruwan shuka ya sauka.

Ban toshe lambarsa ba, mantawa na yi. Duk farkon damina shiru. Sai da hatsi ya fara fitar da kai, wata Asabar da magariba, salulata ta yi ƙara. Saƙon murya, muryar a dishe: duniya ta yi masa daɗi, zuciyarsa kamar ta fashe, ko zan yafe masa. A daidai lokacin kuran ya ɗauke a unguwarmu tun la'asar, 'yan fadar ƙofar gidanmu sun yi cirko-cirko ba su san yadda aka tashi wasa ba. Na leƙa ta katanga na ce wa Iliya mai gyaran salula, "Ku daina wahala, masu jar riga sun ci." Da wuta ta dawo suka tarar haka ne.

Yanzu duk ranar da ba kuran, sai Iliya ya yi sallama ya ce, "Tanti Barira, an kira?" In an kira, ja sun ci. In shiru, an ci su. Ban taɓa amsa saƙon ko sau ɗaya ba, kuma har yau ban taɓa ba su labarin da ba daidai ba.